Ƙirgen Zobba

Na bar Crescent City da asuba, hazon teku na lasar fuskata.
Tanti a kan kariya, risho, gwangwanin wake uku,
da keken yayana Orrin, da ya bar mini ba wasiyya,
sirdin har yau da shatin zamansa.
Shekarata sittin da ɗaya; gwiwa ɗaya tawa, ɗaya ta likita.
Verna maƙwabciyata ta ce, "Ke dai ba kya jin magana."
Na ce ta riƙa ba kyanwa abinci.

Hawan farko ya tambaye ni sunana, na kasa amsawa.
Kaca na kuka, ƙirji na kuka.
Tirelar gungume ta wuce fuu, iskarta ta mare ni,
ƙamshin ɗanyen katako ya biyo bayanta,
ƙamshin rigar babana ke nan in ya dawo da yamma.

Sai ga su.
Ba shiga dajin nan ake ba, shi yake rufe mutum.
Jajayen itatuwa tsaye ƙyam,
ba reshe sai can inda wuya ke fara ciwo.
Rana ta zo roƙon hanya, aka ba ta kafar allura.
Ba ruwa ake ba, amma sama na ɗiga:
hazo suke sha, su rage wa ƙasa.

A Klamath tayar baya ta yi faci.
Wata 'yar waya ce, siririya kamar gashin gira;
hakin da ka raina.
Alton mai ƙyafaffen kifi ya riƙe mini keken ina bugun famfo,
ya ce, "Ina zuwa?"
Na ce, "Kudu."
Ya ce, "Kowa haka yake cewa," ya ƙara mini yanki ɗaya.

Dare a sansanin masu keke:
wata yarinya, Marisol, mai shanya safa a kan birki,
ta ce itatuwan nan sun sa ta kuka.
Ta tambaye ni sana'ar gidanmu.
Na juya waken da ya riga ya dahu.
Shekara talatin babana yana riƙe da zarto.
Da su aka saya mini takalmi, da su aka gyara haƙorana,
na ci, na ƙoshi, na yi tsawo.
Na ce, "Katako."
Ta ce, "Kafinta?"
Na ce, "Miƙo kwanonki."

Tsakar dare ɓarawon nan mai baƙin tabarau da wutsiya zobe-zobe
ya zuge jakata da hannuwansa biyar-biyar,
ya tafi da burodi, ya bar mini leda.

Kwana na huɗu, gefen kogin Eel,
na jingine keke don gwiwar likita ta huta,
na ga kututture, faɗinsa ya fi ɗakin girkina.
Na hau, na durƙusa, na ɗora yatsa daga baki.
Nan haihuwata, na ce, ko da yake ƙarya ne,
an sare shi ban zo duniya ba.
Ɗari. Ɗari biyu. Zoben fari siriri, zoben damina mai ƙiba,
tabon wata gobara da ba mai tunawa.
A ɗari huɗu da wani abu gansakuka ta cinye lissafin,
tsakiya kuwa na can nesa da hannuna.

Da na ɗaga kai
sai na ga an kewaye ni:
'ya'yan da suka tsiro daga saiwarsa, goma sha ɗaya,
kowanne ya fi hasumiyar cocinmu tsawo,
sun yi da'ira kamar masu jiran a gama magana.
Ban roƙi gafara ba. Ba su nema ba.
Na ci kifin Alton a wurin, na lashe yatsu.

Gobe tudun Leggett, an ce yana karya zuciya,
bayansa gangara har teku.
Na ɗaure birki, na shafa wa kaca mai.
Orrin, sirdinka ya fara koyon zamana.