Layi na Shida

Ni na gindaya wa na'urar sharaɗi,
a ɗakin rajistar asibitinmu na Jekadafari,
ranar da fanka ta tsaya, gumi na ɗiga kan madannai.
Na ce mata: in za ki kwance bayanin mutum
ki mai da shi rubutu ki aika,
gurbin da ba komai, tsallake shi.
Kar ki ce "babu". Yi shiru kawai.

Yila ya leƙo ta kafaɗata yana tauna gyaɗa:
"To wanda ba shi da waya
da wanda ya ƙi ba da lamba, ya za a bambance?"
Na ce, wa ke biya wa buhu kuɗin mota in ba hatsi ciki?

Haka Baffa Hammajo ya riƙa fita, wata bakwai:
suna, shekara saba'in da ɗaya, Dukku,
hawan jini, maganin safe.
Layi biyar, gajeru kamar gaisuwarsa.
Akwai na shida, ni na san da shi,
kife kamar ƙwarya,
sharaɗina na zaune a kansa.

Daren Laraba na buɗe in ga ko an sauya masa ƙwaya.
Na ƙirga.
Na sake ƙirgawa, yatsa kan gilashi.
Shida.
Na'ura ba ta yi kuskure ba.
Gurbin ne ya sami abin zubawa:
kwanan wata, ƙarfe huɗu da kwata.

Wayata na aljihu, ba ta yi ƙara ba tukuna.
Ina zaune, hannu bisa madannai,
ina laluben wani sharaɗin.