Cokali Uku

Kafin ladanin Aboabo ya gyara murya
na riga na ɗora tukunya.
Wake, shinkafa, karan dafi, kanwa kaɗan,
hannuna ya san awo ko ido a rufe.
Mutum ɗari biyu za su ƙoshi a nan kafin hantsi.
Ni mai tukunyar, cokali uku.
In na yi gangancin na huɗu
sai in nemi bango in jingina.

Wata goma sha ɗaya ke nan da aka rage mini ciki.
Filina na Sawaba na sayar na biya,
don gwiwoyi sun ƙi ɗaukata,
sukari ya hau, jini ya bi bayansa,
yaron mota a Kejetiya yana karɓar kuɗin kujera biyu
yana dariya, ana taya shi.
Huji biyar suka yi mini, kowane bai fi ƙwayar gyaɗa ba.
Kilo arba'in da biyu suka fita.
Ta ƙofar da suka bari a buɗe
wani ya shigo bai yi sallama ba.

Ba shi da suna.
Ƙarƙashin haƙarƙarin hagu ya shimfiɗa tabarma.
Wata rana kamar ana ɗaure bakin buhu, ana ja, ana ƙara ja,
wata rana garwashi ne guda da aka manta a murhu.
Kokon da ya tashe shi ran Talata
shi na sha ran Laraba, ko tari bai yi ba.

An ɗauki hoto. An ɗebi jini.
An zura mini igiya mai ido ta maƙogwaro.
Dakta Amponsa ya juyo mini da allon,
na ga cikina ja sumul kamar sabon kasko.
Ya ce, Hajiya Fulera, ɗinki ya kama, babu gyambo, babu tsakuwa.
Na ce, to wa ke cizona?
Ya cire tabarau, ya daɗe yana gogewa.
Ya ce, ban sani ba tukuna.
Wannan tukuna ita na ƙulle a bakin zane na kawo gida.

Barikisu mai wagashi ta ce hannu ne, in tashi tsaye.
A gidan suna an ce na koma budurwa,
da na juya baya aka ce Allah dai ya sa lafiya.
Malam Sidi ya aiko da rubutu cike da kwalba,
kwana biyu ina kurɓa,
ko ayar Allah sai da na bi ta a hankali.

Hamdiya ta ba ni ragowar littafinta na makaranta.
Muna rubutawa: ƙwai rabi, bakwai da kwata, shiru.
Kifi, azahar, ya motsa.
Tuwon zafi loma biyu, ya kwana a zaune, ni ma haka.
Shafi sittin, har yau ba mu kama shi da laifi ɗaya sau biyu ba.
Ina tauna sau talatin kamar akuya.
Ruwa sai ya jira rabin awa a bakin ƙofa.
Da dare tsumma mai ɗumi, da hasbunallahu,
da ƙirga motocin da ke wucewa Asawase.

Kin yi nadama? in ji ƙanwata ta waya.
Na ce, ƙarfe nawa yanzu?
In biyun dare ne, kada ki tambaye ni.
Amma da asuba goshina ya taɓa ƙasa,
shekara tara ina salla a kujera,
na yi sujada, na tashi ba wanda ya kama ni.
Yana nan a hagu, na ji shi.
Tare muka yi sallama dama da hauni.

Litinin ta sama zan koma asibiti da littafin.
Yanzu dai ga layi ya kai bakin kwata,
wani ɗan makaranta na miƙo sidi goma
yana cewa, Hajiya, a ƙara shito.
Na ƙara masa.
Na tsaya ina kallon yadda yake ci.