Hatimi a Ƙofar Ƙaura

Shagona na saman na mai gyaran agogo,
hannun hagu in ka shigo ta Ƙofar Ƙaura.
Allon ƙarami ne: Fassarar Malayanci, da hatimi.
Shafi dubu uku, na gaggawa da nasa farashi.

Shekara shida na sha ruwan Malaka,
na dawo Katsina da digiri da harshen mutane.
Harshen nake ci yanzu.
Shaidar kammala karatu, rasidin kwastan,
littafin injin matsar mai
da Alhaji Dikko ya sayo, ya rasa ta ina ake tayar da shi.

Wasu kalmomin ba sa ba ni wuya.
Da sallama suke shigowa, kamar dangin da aka raba tun goyo.
Rezeki, na ce arziki, ga tabarma.
Khabar, labari ne ya sake riga.
Dunia kuwa ko a can duniya ce,
ba ta gyara hali don ta haye teku ba.

Ran Laraba bayan la'asar
Inna Hansatu ta hau benen nan tana ƙirga matakala,
ta kwance bakin zane, ta fito da takarda cikin leda.
Daga matar ɗanta Mannir, can Johor.
Ta ce jikanta ya sa wa waya ta karanta,
wai ɗan itacen hanta ya fito, nauyinsa kilo uku.
Kwana biyu tuwo bai wuce mata ba.
Ɗan nan, wace irin cuta ce wannan,
kuma wa aka yanka?

Na duba layin. Buah hati.
Na cije dariya don idonta ya riga ya kawo ruwa.
Na ce Inna, su can a hanta suke ajiye ƙauna,
abin da hantar ta haifa shi ne abin so.
Haihuwa aka yi. Mace. An sa mata sunanki.

Ta yi shiru, agogunan ƙasa suna ta musu kan lokaci.
Can ta ce, to ai ba baƙi ba ne.
Mu ma in mun so mutum, hanta da jini muke cewa.
Ita wayar ce ba ta da hanta.

Ta ce in buga hatimi.
Na ce wannan ba ta kotu ba ce, ba ta banki ba.
Ta ce buga dai, maƙwabta zan nuna wa.
Na buga, na sa hannu, na rubuta kwanan wata.

Ta ajiye dubu ɗaya da ƙullin aya,
ta ce sauran sai an zo da takwara.
Na buɗe littafin bashi,
na riƙe biro ya fi minti guda,
ban san a wane harshe zan rubuta ba.