Mai Faci a Wusasa

Ubana Nahum, faci ne sana'arsa,
gindin dalbejiya, bakin titin Wusasa,
da famfo, da gam, da daron ruwa baƙi ƙirin,
da rediyon da ba ya magana sai ya sha mari.

Ina ɗan shekara tara nake tsugunne gefensa.
Ya hura tif, ya danna shi cikin ruwa,
ya yi tsit, ya zuba ido.
Inda kumfa ta taso, nan ƙusa ta yi ɓarna.
Ya ce, "Zakka, ka ga mutum ke nan.
Turɓaya aka kwaɓa, aka hura mata numfashi,
tun ranar da muka taka abin da aka hana
muke tafe muna yoyo."

Shi ma yana yoyo, na sani.
Zuciyarsa ta fi kaskon suya saurin zafi.
Asabar ya zagi Barnaba kafinta kan naira hamsin,
Lahadi ya tsaya ƙofar majami'a, hula a hannu,
ƙafa ta ƙi kai shi teburin Jibi,
sai da ya taka har gidan Barnaba ya ce, "Yafe mini."
Laraba kuma suka sake.

Maƙwabta su ce, hali zanen dutse.
Shi kuwa ya nuna Kufena da haɓa:
"Wanda ya kafa wancan,
zane ne zai gagare shi gogewa?"

Da na yi karatu a Samaru, na dawo da baki.
Na ce, "Baba, jiki keji ne, rai tsuntsu,
ranar mutuwa ce ranar 'yanci."
Bai ɗago ba. Ya kwance bawul ɗin wani keke,
iska ta fice, fuuu.
Ya ce, "To, hau ta, ka je mini Sabon Gari."

Na yi shiru.

"Iska ba taya, ba ta kai kowa kasuwa.
Taya ba iska, sai turi.
Don juna aka yi su.
Da jiki abin yarwa ne, da Almasihu bai ɗauke shi ba,
da bai ji yunwa ba, da bai gaji ba,
da bai tashi da tabon ƙusa a tafinsa ba.
Ni fa na san aikin ƙusa."

Watan Agusta, ruwa na dukan kwanon asibiti,
ƙirjinsa na hawa, na sauka,
ni na zuba ido yadda yake wa daro.
Da asuba ya hau, ya sauka,
bai sake hawa ba.

Fasto ya ce ransa na hannun Ubangiji. Na yarda.
Amma hannuwan nan da muka rufe,
da baƙin gam a ƙarƙashin farce,
ban yi musu ban kwana ba.
Ajiya muka kai, ba zubarwa ba.

Yanzu zuciyarsa ce a ƙirjina, gado ba wasiyya.
Jiya na daka wa Afiniki tsawa kan gishirin miya,
yara suka bar akushi ba su ƙoshi ba.
Da dare na durƙusa bayan ɗaki,
inda daronsa ke tarar ruwan indararo.
Ban iya doguwar addu'a ba.
Na ce, "Ga ni. Danna ni ciki,
ka duba inda kumfa ke tasowa."