Jarrabawa a Siton Taki

Hadarin Talata ya yaye kwanon aji uku,
ni da Malam Barau muka zaga Sankara neman inuwa.
Zauren Dagaci ya jingina da kasuwa,
ɗakin magani kuwa kukan jarirai.
Sai siton taki.

Muka kori ɓeraye, warin yuriya ya ƙi fita.
Benci shida, aro daga Ila mai shayi.
Tsakanin ɗalibi da ɗalibi tsawon kara guda,
Barau na awo yana ɗingishi,
ina binsa da alli.

Saura mai injin niƙa.
"Har azahar? Wa zai biya ni?"
Na ce, "Lamba sha bakwai Ladidinka ce."
Ya tauna goro, ya tofar,
ya je ya zare bel.