Saura Ɗaya

Ran Asabar da la'asar sakaliya
benci biyu namu ne a teburin Ɗanliti,
can bayan gidan zu, inda kwalta ta ƙare.
Kowa da jaka a cinya kamar mai jego,
kowa da abin da ya kamo cikin mako.

Tasi'u ke fara zare tasa.
Gilashi ya sayo, dogo kamar taɓarya,
babur ya tafi a kansa, yanzu sai sayyada.
Ya ce daga kan Dala
yana ƙirga haƙoran mai rake a Jakara.
Ga shirwa ya kamo a saman Goron Dutse,
har ƙwayar idonta, har ɓacin ranta.

Mansura daga kemis take, hijabi na warin magani,
waya ce kawai, fuskar ma ta tsage.
Ta miƙo: ruwa ya kwanta a Ƙofar Nasarawa,
gada ta kife a ciki,
adaidaita uku na tafiya da ka.
Tasi'u ya jima yana kallo.
"Da a ce da babbar kyamara ce..."
Ta ce, "Da ruwan ya ƙafe kana ɗaura gilashi."

Ni tawa 'yar gwanjo ce, ta sha hannu,
fumfuna ta yi gida a idonta.
Ikenna na Sabon Gari ya buɗe ta sau uku,
ya ce in bar ta ta mutu da mutuncinta.
Na ƙi. Duk abin da ta ɗauka
fitowa yake kamar tuno shi aka yi.
Na nuna Innata, dishi-dishi.
"Hannunka ya yi rawa, nemi ƙafa-uku."
Ba hannuna ba ne. Dariya ce ta ƙwace mata.

Sai musu ya ɓalle:
batir ɗin wa ya fi jimiri, katin wa ya fi ciki,
dala nawa, naira nawa, wa aka cuta a Fam Santa.
Shayi ya huce ba wanda ya kula.

Malam Sabi'u, tsohon reluwe, yana gefe
da Yashikarsa da ta girme mu duka.
Fim talatin da shida, wata takwas yana lallaɓawa.
"Ku ɗari biyar a yini, kamar masu watsa gero.
Ni kafin in danna sai na yi istihara.
Saura ɗaya, ban ga mai ita ba tukuna."

Ɗanliti na tsiyayar shayi daga sama,
bai ko dube mu ba ya ce:
"Shekara biyu kuna zama a nan.
Kun ɗau shirwa, kun ɗau kwata,
kun ɗau ƙadangaren da ke kan bulona.
Gyatumata a Ɓagwai ba ta da hotona
sai na katin zaɓe."

Ba wanda ya tanka.

Tasi'u ya ɗaga taɓarya, hanci kaɗai ya cika ta,
ya yi ta ja da baya har ya tsallaka titi,
mai kabewa ya zage shi.
Wayar Mansura ta ɗauke, ba caji.
Tawa ba ta shiri da almuru, ta rufe ido.

Malam Sabi'u ya miƙe a hankali, ya tura hula baya.
"Kar ka gyara riga. Ci gaba da zubawa."
Shayi na tsaye tsakanin kofi da kofi.
Ƙyas.

Sai an samu mai zuwa Legas a wanko,
wata biyu, ƙila uku, in bai ƙone ba.
Ɗanliti ya ce babu komai,
ya ƙara masa madara bai rubuta ba.

Asabar biyar ke nan.
Ba ya tambaya.
Jakar Malam kawai yake kallo in ya sauko daga mota,
sannan ya ɗauraye kofi.