Mai Ƙirga Sau Uku

A Agege, bakin layin dogo, nake canji.
Dala in ta zo hannuna sai na ɗaga ta sama
kamar mai duban jinjirin wata,
in murza, in shinshina, in ƙirga sau uku.
Ko Tanimu ne ya miƙo, uwarmu ɗaya,
sai na ƙirga.

Legas ce ta koya mini.
Garin da kwandasta zai ɗaura maka aure da baƙo
a kan canjin naira ɗari biyu,
ya ɗafe motarsa, ya bar ku a Oshodi kuna kallon juna.
Shekara goma sha ɗaya ina barci da ido ɗaya.

Amma Hansai ta ce, "Jiya ina Idi-Araba wurin gwaggo,"
na ce to.
Ban ɗaga maganar sama ba. Ban murza ba.
Ta ce kuɗin shago na nan ƙasan akwatinta,
na juya na yi barci har da minshari.

Tanimu ya ce an zuba mini a miya.
Kai da ba ka yarda da injin banki ba,
lambar katinka na bakin mace?

Ba asiri ba ne, Tanimu, gajiya ce.
Ɗan dako ma yana da inda yake sauke buhu.
Wanda ya wuni yana gadin ƙofa goma
sai ya bar ɗaya a buɗe, ko don iska.
Kuma farkon abin da muka haɗiya a duniya
mace ce ta ba mu, idonmu a rufe,
ba mu tambayi farashi ba.
Tun ranar baki ya saba.

Matso in faɗa maka sauran a hankali:
in na bincika na tarar da jabu,
ba ita kaɗai za a yi wa dariya ba,
har da ni, gwanin gane takarda.
Rabin yardar nan so ne, rabi tsoron kunya.

Daren jiya ruwa ya tsuge, aka ɗauke wuta.
Wayarta ta yi haske a kan tebur, sau biyu,
tana tsakar gida tana tarar ruwa a bokiti.
Hannuna ya kai kusa.
Jirgin ƙasa ya wuce, kwanon rufi ya girgiza.
Na kifa wayar.

Da safe wani ya kawo dala ɗari, sabuwa fil.
Na riƙe ta a rana, na riƙe,
har ya ce, "Malam, lafiya?"